Akwatin Hamisu Mai Sha Yana Shayarwa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin shayin Sa'idu a Madarumfa ya san Hamisu, ko yana so ko ba ya so. Sati uku kacal ya yi a Kano yana share shagon wani mai gyaran salula, ya dawo da tabarau marar magani da sabon suna, wai Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa. Tun daga lokacin ya gyara rediyon liman har ta daina kama kowace tasha sai ta mutanen Sin, ya kuma gyara fankar wanzami ta koma zuƙar iska maimakon hurawa.

Wata Talata da hantsi ya sauko daga kabu-kabu, daga Ɗan Issa, rungume da wani farin akwati mai ƙaho biyu. Bai nufi gida ba. Teburin shayi ya nufa, ya ture kofuna, ya dangwarar da shi.

Sa'idu mai shayi ya ce, "Injiniya, wagga dabba mi take ci?"

"Ruta ake ce masa," in ji Hamisu. "Irin na kowa aiki guda yake yi, a sa masa kati ya raba ma mutane wifi. Nawa aiki biyu gare shi. Da wanga ƙaho yana shan wifi daga iska, da wanga kuma yana zuba ma jama'a. Mai sha ne, mai shayarwa ne, duk a lokaci guda. Daga yau ba mai sake sayen mega a unguwar ga."

"To daga wace rijiya zai sha?"

"Wannan sirrin sana'a ne."

Gaskiyar magana shi ma bai sani ba. Mai kayan gwanjon da ya ba shi akwatin ya nuna masa inda ake latsawa sau ɗaya, shi ke nan. Da azahar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya haɗa akwatin da batir, ya yi ta latse-latse a salularsa har gumi ya jiƙa masa riga. Can sai ga suna guda ya fito a jerin abin da akwatin ke ji, ba ko kodin sirri a kansa.

Ya daka tsalle. "Zuwaira! Zo ki karanta da idonki!"

Matarsa ta ajiye taɓarya ta leƙo. An rubuta ALHERIN ALLAH.

"Kin gani? Kai tsaye daga sama. Ba kamfani, ba gwamnati."

"Malam, ka tabbata ba na wani ba ne?"

"Wane ne zai ce alherin Allah nasa ne shi kaɗai? Ki riƙe bakinki, kada kowa ya ji sunan."

Ya latsa. Ƴar fitilar akwatin ta koma koriya. Ya raɗa wa nasa ɓangaren suna INJINIYA HAMISU da manyan baƙaƙe, ya ɗaure akwatin a kan gora, ya kafa jikin katangar da ta raba gidansu da na maƙwabcinsa, don a nan ne fitilar ta fi haske.

Kafin magariba ƙofar gidan ta zama kasuwa. Masu kallon kokowa, masu sauraren wa'azi, ƴan mata masu neman sabon ɗinki, har da wani tsoho da ba shi da salula, ya zo da kwarya don ya ji an ce ana raba wani abu kyauta. Hamisu na zaune a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Wani ya ce abin yana jan ƙafa, sai ya ce, "Kai ka taɓa shan fura kana magana a lokaci guda? Ku yi masa haƙuri."

Washegari ƙarfe bakwai da rabi na safe fitila ta koma ja. Ba a sake ganin koriya ba sai sha biyu da rabi. Ƙarfe uku saura ta tafi, shida ta dawo. Alhamis ma haka, Juma'a ma haka.

Sa'idu ya ce, "Injiniya, rezonka, wifin nan naka, fita yake yi."

"Ma'aikaci ne. Kana so ya zauna gida kamar kai?"

Ran Asabar ya wuni bai motsa ba. Ran Lahadi kuwa tun takwas ya ɓace, sai bayan sha ɗaya.

"To yau kuma ina ya nufa?"

Hamisu ya gyara tabarau. "Tauraron da ke aiko shi Nasara suka ƙera. Coci ya tafi."

Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya ƙara da cewa ilimi ne ba su da shi.

A bayan katangar nan kuwa wata rigima ke tashi. Maƙwabcin, Markus, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe; mutum ne mai sanyin hali, amma kwana biyar ke nan duk megan da ya sa a salularsa ba sa kwana. Ya kan bar salular a buɗe tana raba wa ta matarsa Loisa, ya ma cire kodin don ta manta shi sau biyu. Don haka ita ya tuhuma.

Zuwaira tana shanya ta jiyo shi yana cewa, "Maman Febi, waƙoƙin coci nawa kike kallo a wuni?"

"Biyu na kalla, ɗaya ma bai kai ƙarshe ba!"

"Biyu ba sa cinye abin wata guda."

Tun ranar Loisa ta daina yi masa magana kai tsaye. In tuwo ya sauka sai ta dubi kazar gidan ta ce, "Ke, gaya ma mai gidanki abinci na nan, in bai ce ni na cinye shi ba."

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan su Hamisu. Matar wansa Habibu ta sami ɗiya mace. Habibu yana Abijan yana sayar da agoguna, ba zai samu zuwa ba, amma ya aiko da saƙo: ya zaɓi suna, ba zai gaya wa kowa ba, shi da bakinsa zai faɗa wa liman ran suna ta kiran bidiyo, yana kallon ragon.

Uwarsu, Inna Ɗelu, ta kira Hamisu. "Kai, ɗiyar ga ita ce ta farin Habibu bayan shekara tara. Ban son wasa. Ka sa abin nan da mutane ke sawa a waya, a yi a gama."

"Inna, ni in sayi mega? Mutane su ji? Ki bar mini. Har ƙwayar idon ragon sai Yaya ya gani."

Sai dai fitar da rezon ke yi ta dame shi. Ya yanke shawarar bin sawunsa ya ga inda yake kiwo, in ta kama ya ɗaure shi. Ran Litinin ya ɗora batir a baro, ya ɗaure gorar a tsaye, ya shiga gari yana turawa, idonsa a sama kan fitila. Ya zaga meri, ofishin magajin gari, ja. Ya zaga tasha, ja. Sha biyu da rabi daidai, a ƙofar lakwal, ta koma koriya.

"Na kama ka!"

Ɗalibai suna fitowa, malamai suna fitowa, Mushe Markus yana gaba yana tura kekensa da ya yi faci. Hamisu bai ga kowa ba. In ya tsaya fitila ta yi ja, in ya matsa ta yi kore. Haka ya bi ta har cikin kasuwa. Baro ya hau ƙafar mai tattasai. Ya ture faifan mai kifi, tarwaɗa biyu masu rai suka shiga ƙarƙashin rumfar tela, tela ya haye kan kekensa. Ƙahon akwatin ya ƙwamushe wani zane da aka rataya, Hamisu ya ci gaba da tafiya da shi yana kaɗawa kamar tuta, mai zanen na biye tana zagi.

Duk inda ya juya, bayan Mushe ne a gabansa. Abin ya ishe shi.

"Mushe, don Allah gafara! Tun ɗazu kana tare mini rezo!"

Markus ya waiwayo, ya dubi gora, ya dubi zane, ya dubi matar da ke tafe da takalmi a hannu. Ya ce, "Yi haƙuri, Injiniya." Ya karkata ya shige lungun mai faci.

Fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf ta koma ja.

"Ya tsorata shi! Ya gudu!" Hamisu ya duba gabas, ya duba yamma, ya yanke cewa da zafin ranar nan ba inda mai hankali zai nufa sai tabki. Ya saki baro a gangare. Baro ya fi shi sauri. Masunta suna gyaran koma a bakin ruwa suka ga mutum da tuta ya wuce su da gudu yana salati, har ruwa ya kai masa ƙirji. Da ƙyar suka jawo shi, ya ɗaga akwatin sama da hannu biyu. Batir kam yana can.

Da yamma a teburin shayi, riga na ɗiga, ya ba da rahoto. "Na gano. Da rana tabki yake zuwa shan ruwa, kamar shanu. Saura kaɗan in riƙe shi."

Ya kwance batirin babur ɗin Habibu ya maye gurbi. Da ya lissafa ya ga sunan ya faɗa ran Asabar, ranar da rezo ke hutu a gida, sai ya bi gida gida yana gayyata, yana cewa a zo a ga yadda ake suna a Turai.

Ran Asabar tun da sanyin safiya ƙofar gida ta cika. Liman yana kan buzu, goro da dabino a gabansa. Rago yana ɗaure a gindin dogon yaro, mahauci yana wasa wuƙa. Mata suna cikin gida, Loisa tare da su tana tuƙa tuwon suna, don ita da Zuwaira ba sa rabuwa a hidima. Mushe Markus ya zo da farar riga ya zauna a gefen benci. Fitilar akwati kuwa ba ta taɓa yin kore irin na ranar ba.

Hamisu ya ari lasifikar masallaci ya kara salularsa a bakinta. Ya kira. Sai ga fuskar Habibu, da hula sabuwa, muryarsa ta cika unguwa.

"Salamu alaikum! Kuna ji na?"

Jama'a suka ɗauki kabbara. Inna Ɗelu ta leƙo daga zaure tana share ido. Hamisu ya dubi taron ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya san wanda ya yi.

Habibu ya fara gaisuwa. Ya gaida liman, ya tambayi ƙafarsa. Ya gaida Sa'idu, ya tambayi kasuwa. Ya ce a nuna masa rago, aka nuna, ya ce a buɗe bakinsa ya ga haƙora. Ya tambayi gero, ya tambayi dangin da ke garuruwan Gabi da Sarkin Yamma gida gida. Duk wannan lokaci kusan mutum talatin a wurin suna ɗaukar bidiyo suna aika wa ƴan uwa, duk ta cikin akwatin.

Hamisu ya hango Mushe yana duban salularsa yana tsaki. Ya matsa kusa, salularsa a hannu guda.

"Mushe, lafiya?"

"Jiya da yamma na sa mega, Injiniya. Dubi, saura kaɗan. Kuma tun safe Maman Febi hannunta na kan muciya."

"Ai laifinka ne. Kana maƙwabtaka da kogi kana sayen ruwa. Kawo nan in haɗa ka da nawa, ka sha kyauta har ka mutu."

"A'a, bar shi kawai."

"Kawo!" Ya fizge salular, ya ɗaga murya don a ji. "Jama'a ku shaida, yau malamin lakwal ma ya zo makarantata."

Hannu biyu aikin ke so, don haka ya maƙale tasa salular a hammata. Daidai lokacin liman ya yi gyaran murya ya ce, "To Malam Habibu, rana na yi. Mi ne sunan yarinya?"

Muryar Habibu ta fito daga hammatar Hamisu. "To, Allah gafarta malam, sunan yarinya..." Sai ya ga duhu ya rufe masa komai. "Hamisu! Hamisu!"

A daidai nan Hamisu ya latsa INJINIYA HAMISU a salular Mushe. Salular, da ta koma mai sha, ta daina shayarwa. Fitilar kan gora ta yi ja. Fuskar Habibu ta daskare, baki buɗe.

Rago ya yi kuka.

Hamisu ya zaro salular daga hammata, ya dube ta, ya dubi liman. Ya dafa ƙirji. "Allahu akbar. Kun dai ji da kunnenku. Har sau biyu ya faɗa. Yaya ya yi mini takwara."

Inna Ɗelu ta fito daga zaure gaba ɗaya. "Takwarar uwaka! Mace ce!"

"Inna, a Abijan an ci gaba."

Liman ya ce, "Ni dai shekara talatin ina raɗa suna, ban taɓa raɗa ma mace Hamisu ba, kuma ba yau zan fara ba. A sake kira."

Hamisu ya girgiza gora. Ya hura wa akwatin iska. Ya murɗa ƙaho ɗaya gabas, ɗaya yamma. Ya ce kowa ya kashe salularsa, ya ce kowa ya kunna. Ya ce mahauci ya ɓoye wuƙa, ƙarfe na korar rezo. Ya ce a matsar da rago. Ja dai.

"Yau Asabar," in ji Sa'idu. "Ba aiki, ba coci. Ko shi ma gayyar suna ya tafi?"

Mushe Markus ya karɓi salularsa a hankali. "Injiniya, naka ba ya kawo komai. Bari in koma kan nawa." Ya fita daga wifin Hamisu, ya kunna rabawarsa kamar kullum.

Fitila ta koma koriya.

"Ya dawo!" Hamisu ya yi ihu. "Na gaya muku murɗa ƙahon ne!"

Markus ya dubi fitila, ya dubi hannunsa. Ya kashe. Ja. Ya kunna. Kore. Ya sake kashewa. Ja. Kawunan mutane suka riƙa tafiya tsakanin gora da hannun Mushe kamar masu kallon ƙwallo.

"Injiniya," in ji Markus, murya ƙasa ƙasa, "akwatin nan naka, daga ina yake sha?"

"Sirrin sana'a ne."

Zuwaira da ke bakin zaure ta ce, "Wane sirri kuma, ana neman sa ma ɗiya Hamisu? Alherin Allah ake ce masa, Mushe. Haka aka rubuta."

Markus ya ɗaga salularsa ya juya ta ga jama'a. "Sunan salulata ke nan. Maman Febi ta raɗa mata ran da na saye ta."

Sa'idu ya faɗo daga benci don dariya. Mahauci ya ajiye wuƙa don kada ya yanke kansa. Wani ya ce, "Ashe da gaske coci yake zuwa!" Wani ya ce, "Kokowar da na kalla ta sati guda, ashe a aljihun Mushe aka yi ta!" Tsohon nan mai kwarya ya matso ya gaida Markus da hannu biyu.

Hamisu ya ce, "To ai magana ta fito. Na ce ma'aikaci ne, na ce yana zuwa coci. Wanne ne ƙarya? Mushe, kunna mana a gama suna."

Markus ya kunna. Salular ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Ya karanta a fili: megansa sun ƙare ƙaf.

Liman ya ce a nemo mai mega. Aka duba, duk taron ba mai ko guda. Kwana goma sha biyu ke nan ba wanda ya saya, tunda Injiniya ya ce an daina.

Inna Ɗelu ta buɗe baki za ta fara, sai wani abu ya yi kuka a ƙugunta. Ta kwance bakin zane ta ciro wata ƴar tsohuwar waya mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Ta kara a kunne.

"Wa ke nan? Habibu? To faɗi, ina ji. A'a, kada ka sake gaida kowa." Ta saurara, fuskarta ta saki. Ta juya ga liman. "Ummulkhairi."

"Madalla," in ji liman, ya ɗaga hannu.

Kafin ya fara addu'a labari ya riga ya kai madafa. Loisa ta fito da muciya, tuwo na manne a kanta yana hayaƙi. Ta tsaya gaban mijinta.

"Waƙa nawa na kalla?"

Markus ya sunkuyar da kai. "Biyu."

"Ɗayan fa?"

"Bai kai ƙarshe ba. Ki yafe mini, Maman Febi."

"Naka sai mun je gida." Ta juya. "Ina Injiniya?"

Hamisu ya ja da baya. "Madam, a fannin kimiyya irin wannan..."

Ta ɗaga muciya. Bai ƙarasa ba. Ya tsallake tabarmar liman, ya taka bayan rago, ya kama reshen dogon yaro, kafin a ce wani abu yana can ƙoli, takalmi ɗaya a ƙafa. Loisa ta aika aka kawo mata kujera ƴar tsugune, ta zauna a gindin bishiyar, ta ɗora muciya a cinya.

Aka yi addu'a, aka shafa, amin ɗin da ta fi ƙarfi daga sama ta zo. Aka yanka rago, aka raba goro, aka yi wa Ummulkhairi aski. Baƙin da suka zo a makare in sun ɗaga kai sun tambaya, sai ya ce musu yana auna iska ne. Ƙamshin soyayyen nama ya yi ta hawa yana samunsa, tururuwa ma haka.

Azahar ta wuce yana can. Da aka kira la'asar, liman da kansa ya zo da buta a hannu, ya tsaya gaban Loisa.

"Maman Febi, don girman maƙwabtaka. Salla biyu ke kansa. Ki ba shi hanya ya yi alwala."

Loisa ta dubi sama, ta dubi liman.

"Ya sauko ya yi, Malam. Ba ni hana mutum ibada." Ta gyara zama. "In ya sallame ya koma."